Ɓeraye Biyar a Kowane Keji

Ranar da na fara shiga ɗakin ɓeraye, wari ne ya tarbe ni tun daga bakin ƙofa: fitsari, garin katako da tsamin dusa. Dattijon da ke kula da ɗakin ya ga na toshe hanci da gefen mayafi, sai ya yi dariya.

"Sati biyu na ba ki, 'yata. Bayan nan iskar waje ce za ta riƙa yi miki wari."

Ɗalibai Sarkin Ɓeraye suke ce masa, a gajarce Sarki. Gajere ne, yatsunsa duk tabon cizo, kuma ya riga yawancin malamanmu zuwa jami'ar. Shi ke kiwon ɓerayen, shi ke ba su abinci, shi ke share kejinsu. Ƙarfe shida yake buɗe ɗakin, mu kuwa sai tara muke isowa.

Aikina na digiri na biyu shi ne in gwada ko ganyen wata bishiya yana da guba. Mutane suna dafa shi su sha saboda ciwon sukari, amma ba wanda ya san abin da yake yi wa jiki idan aka daɗe ana sha. Farfesar da ke duba aikina ce ta zaɓa min shi, da ta ji na ce akwai bishiyar a bayan katangar gidanmu. Na tsinko buhu biyu, na shanya a inuwa, na niƙa, na jiƙa, na tace, na ƙafar da ruwan har ya koma wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta. Shi nake narkawa kullum da safe in ba ɓerayen.

Farare ne guda ashirin, maza duka, biyar a kowane keji. Keji na ɗaya ruwa zalla ake ba su. Na biyu magani kaɗan, na uku ya fi haka, na huɗu shi ne mafi yawa. Kowane ɓera da zane a wutsiyarsa, daga layi ɗaya zuwa biyar, don a san wane ne wane. Kwana casa'in za a yi ana ba su, sannan a yanka su a duba jini da hanta da ƙoda.

Tsoronsu nake ji. Ban gaya wa kowa ba, amma Sarki ya gane tun ranar farko, ya kuma rufa min asiri. Shi zai kamo ɓera ya naɗe shi a tsumma, kai kawai ya bari a waje, ni kuma in zura siririn tiyo a bakinsa in danna sirinji. Ranar awo shi zai ɗora su a sikeli ya faɗi lamba, ni in rubuta. Idan zanen wutsiya ya koɗe, kafin in zo ya sabunta. Na sha gode wa Allah da ya haɗa ni da shi.

A gida ba ni da yawan magana. Babana mai gyaran agogo ne, a baranda yake aikinsa a kan wani ƙaramin tebur mai aljihu da yawa. Shekara bakwai yana fama da sukari. Abin da ya fi damunsa shi ne yatsunsa da suka fara mutuwa, har ƙaramar ƙusa takan suɓuce masa ta faɗi ƙasa, mu yi ta rarrafe muna nema. Likita yake ce min, ko da na gaya masa sau ɗari cewa ba likitanci na karanta ba.

Wata rana da yamma na dawo, ya ɗago da gilashin aikinsa maƙale a ido ɗaya.

"Likita, yaya majinyatanki masu wutsiya?"

"Lafiyarsu lau, Baba. Yau kwana goma sha huɗu, ko ɗaya bai mutu ba. Har waɗanda ake ba mai yawa."

Daɗin tambayar da ya yi ne ya sa na faɗa. Ba kullum ake tambayata aikina ba.

Ya cire gilashin. "Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Maman yara, kin ji ko? Ɗan katanga ya ci jarrabawa."

Haka yake kiran ganyen. Bayan kwana biyu na shigo gida na ji ƙaurinsa daga kicin. Mama na tsaye kan tukunya tana yamutsa fuska saboda ɗaci, ruwan ya yi baƙi ƙirin.

Na je na tsaya a gefen teburin Baba.

"Baba, ai ba a gama gwajin ba tukuna."

"Ɓeran da bai cika tafin hannuna ba ya shanye ya kwana lafiya, sai ni ƙato?" Ya buga cikinsa. "Da wani ne a bakin titi ya ce in sha, wallahi ba zan sha ba. Ni abin da aka auna nake yarda da shi. Ke kuma ba ki iya ƙarya ba, ko ta wasa."

Gaskiyar magana, na ji daɗi.

Kofi uku yake sha a rana. Cikin wata guda ya ajiye ƙwayoyin asibiti, ya ce ba a hawa jirgi biyu. Ya kai wa maƙwabcinmu mai aski kwalba ɗaya, mai aski ya kurɓa sau ɗaya ya dawo da ita, ya ce ya zaɓi ciwon. Baba ya yi sati yana ba da labarin.

A wajen aiki komai na tafiya daidai. Kullum na shiga sai in ƙirga: biyar, biyar, biyar, biyar. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya min a rai. Nauyin 'yan keji na huɗu ba ya tafiya a kan hanya. Ɓera zai yi ta ramewa sati biyu, sai kuma a wayi gari ya fi da nauyi. Na nuna wa Farfesa. Ta duba a tsaye, waya a kunnenta, ta ce, "Ɓera ma yana da ranar da ba ya jin cin abinci. Ki ci gaba." Na ci gaba.

Wajen sati na goma Baba ya fara barin abinci a kwano. Sai susa, hannu da baya da ƙafa, har da bayan sukudireba yake yi. Da rana tsaka nakan same shi ya kifa kai a kan tebur yana barci, agogon mutane a buɗe a gabansa. Mama ta ce maganin ne ke koro ciwon waje, ai dama sai an ji jiki. Duk na ga waɗannan abubuwa, ba abin da ke wuce idona a gidan nan. Sai in shiga ɗaki in buɗe littafin aikina in ga ashirin cikin ashirin suna raye, in rufe, in ce wa kaina zafi ne da tsufa.

Ranar casa'in da ɗaya muka yi yanka. Farfesa ta zo da kanta. Sarki ne ke sa ɓera a kwalba mai audugar maganin barci, idan ya lafa ya miƙo min, ni in kwantar da shi a kan allo in buɗe. Matacce ba ya ba ni tsoro. Muka fara da keji na ɗaya: hanta ja, sumul, tana sheƙi. Na biyu ma haka. A na uku na ga wasu sun ɗan koɗe.

Da muka zo keji na huɗu abin ya ƙi daidaita. Na farko hantarsa ta yi fari-fari da ɗigo-ɗigo, ta yi tauri a bakin almakashi. Na biyu tasa lafiya lau, kamar bai taɓa shan komai ba. Farfesa ta ɗaure fuska. Na ɗauki na uku na tsaga, sai ga wani abu a ƙasan cikin kamar carbi, jere biyu, ƙulli-ƙulli.

Na tsaya da almakashi a hannu.

"Mene ne wannan?" in ji Farfesa. Ta sani sarai. Ta sa ɗan ƙarfe ta ɗaga, ta ƙirga. "Tara. Ke, ba maza kika ce min ba?"

"Maza ne, ranki ya daɗe."

"To namijinki yana da ciki."

Ba wanda ya yi dariya. Na duba wutsiyar, ga layi uku nan shar, sabon zane. Sarki yana bakin famfo ya juya mana baya yana wanke wani abu da ya riga ya wanku.

"Sarki," Farfesa ta ce a hankali. "Zo nan."

Ya zo yana goge hannu a rigarsa. Bai yi musu ba, bai ma yi kama da wanda aka kama ba. Kunya kawai ya ji, irin ta mai sana'ar da aka ga aibu a aikinsa.

"Mazan da suka kai girman nan ne suka ƙare min, ranki ya daɗe. Na ce kwana goma sha biyu ne suka rage, ba za a lura ba. Laifina ne, da na nemo namiji."

"Ina mai layi uku na asali?"

"Ai ya daɗe da mutuwa. Wannan ce ta uku a wurinsa."

Farfesa ta jawo kujera ta zauna.

"Kana nufin idan ɓera ya mutu sai ka sa wani?"

"In na zo da safe na tarar. In cire, in binne a baya, in zaɓo mai kama da shi in yi masa zane." Ya dube ni. "Yarinyar nan tana da ladabi. Ban so a ce aikinta ya lalace a hannuna ba."

"Mutuwar muke nema, bawan Allah! Ita ce amsar! Don ita ake yin gwajin!"

Ya kalli Farfesa yana jujjuya maganarta.

"Ba wanda ya taɓa gaya min haka," ya ce. "Kullum cewa ake, Sarki ka kula da su, kar su mutu. Farkon zuwana ɗakin nan ɓerayen wata yarinya suka mutu guda huɗu, aka ce na bar su da ƙishirwa. Aka rubuta min takarda. Ita kuma ta zauna a kan dakalin can tana kuka, ta maimaita shekara. Shugaban sashe na wancan lokaci ya ce min, keji na biyar ne, in na zo in tarar da biyar. Tun daga ranar ba a sake samun huɗu a ɗakin nan ba."

"Shekara nawa ke nan?" in ji Farfesa.

"Goma sha ɗaya."

Farfesa ta rufe fuska da hannu. Na san abin da take gani: kantar ofishinta, cike da kundayen ɗalibai masu baƙin bango, kowanne yana cewa an gwada ba a ga illa ba. Ni ba su nake gani ba.

"Baba Sarki," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi har na tsorata. "Nawa suka mutu?"

Ya ƙirga da yatsu. "Keji na huɗu, goma sha ɗaya. Na uku, uku."

"Na farko yaushe?"

"Kwana na tara. Ranar da aka ɗauke ruwa."

Kwana biyar ke nan kafin in buɗe baki a baranda.

"Yaya suke yi kafin su mutu?"

"Sai su daina ci. Su yi ta susa. Su koma lungu su yi ta barci, ko an taɓa su ba sa gudu. Kunnensu da tafin ƙafarsu ya yi rawaya, fitsarinsu ya rine garin katakon. Daga nan ba sa wuce..."

Ban tsaya jin ƙarshen ba. Sai a cikin mota na lura mutane suna kallon hannuna, ashe ban cire safar ba.

Na tarar da Baba a baranda, kofin a gefensa saura rabi. Mama tana ninke wanki a kan tabarma.

"Likita, yau da wuri? An sallami majinyatan?"

Na ɗauke kofin na zubar a ƙasa. Mama ta saki rigar da ke hannunta.

"Ke! Lafiyarki? Kofin ubanki?"

"Baba, taso ka zo wajen haske."

Ban taɓa ba shi umarni ba, ina jin mamaki ne ya tashe shi. A hasken rana na sa yatsa na ja fatar idonsa ƙasa. Farin ya koma rawaya kamar ƙwaiduwa. A inuwar baranda yake wuni, kansa a sunkuye, ni kuma tun tasowata ba na kallon tsakiyar idonsa.

Na gaya musu komai a tsaye, ban san da wane tsari ba. Mama ta dafe ƙirji tana salati. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Namiji da ciki," ya yi 'yar dariya, ya ga ba mai taya shi, ya daina.

"Ɗauko min hulata," ya ce.

A asibiti suka ɗebi jini, kafin magariba suka ba shi gado. Likitan matashi ne mai saurin magana. Ya dubi takardar sakamakon, ya dubi Baba, ya sake duban takardar.

"Baba, me kake sha ban da maganinmu?"

Baba ya faɗa masa.

"Wata biyu da rabi? Kofi uku? Wa ya ce maka ka sha?"

"Ni na ga dama. Bishiyar a bayan gidana take, ba wanda ya ɗura min."

"Ni ce," na ce daga bakin gado.

"Yarinya ce, ba ta san abin da take faɗa ba. Rubuta abin da na gaya maka, likita."

Likitan ya fito da ni waje. Na ba shi lambobin duka: nawa ake ba kowane keji, nawa suka mutu, a kwana na nawa. Ya saurara da kyau, har ya rage sauri. Ya ce hantar ta ji jiki ƙwarai. Wani lokaci takan farfaɗo idan an daina abin da ke cin ta, wani lokaci kuma an makara. Ba su da abin da za su ba shi ya wanke ta. Ruwa za su sa masa, su riƙe sukarin, mu jira.

Muka jira. Mama tana kwana da shi, ni ina wuni. Cikinsa ya fara kumbura, ƙafafunsa ma. Rawayar ta sauko daga ido ta bi fuska da tafin hannu. Farfesa ta kira ni sau biyu, ta ce za a sake aikin daga farko, ta ce an dakatar da Sarki, ta tambaya me ya sa ba na zuwa. Na ce babana ba shi da lafiya. Ta ce Allah ya ba shi sauƙi, ba ta tambayi me ke damunsa ba, ni ma ban faɗa ba.

A rana ta huɗu Sarki ya zo. Ban san wa ya gaya masa ba. Na fito ɗibar ruwan zafi na gan shi a kan benci a farfajiya, da lemo a leda. Ya miƙe ya cire hula, abin da bai taɓa yi min ba.

"'Yata, garin gyaran gira na..." Bai ƙarasa ba.

Na so in tsane shi, na nemi tsanar a raina ban samu ba. Kwana casa'in ina tsaye kusa da shi, da sau ɗaya na riƙe ɓera a hannuna na juya shi, da na gani.

"Tambaya ɗaya zan yi maka," na ce. "Cikin biyar ɗin farko na keji na huɗu, akwai wanda ya kai ƙarshe?"

Ya girgiza kai. "Mai layi biyar ne ya fi daɗewa. Kwana arba'in da shida."

Na karɓi lemon don kar ya koma da shi.

Da na shiga, Baba ya farka. Ranar hankalinsa garau yake. Ya sa Mama ta je ta kira ƙanensa a waya, da ta fita sai ya yafito ni. Ya ba ni saƙon agogo uku da ke aljihun tebur na hagu, na wane da na wane, da wanda aka gama da wanda za a mayar a ba da haƙuri. Sannan ya mayar da ido kan ledar ruwan da ke ɗiga.

"Likita."

"Na'am, Baba."

"Waɗanda suka sha mai yawan nan tun daga farko. Akwai wanda ya tashi a cikinsu?"

Ashe tunaninmu ɗaya. Da na ce ɗaya ya tashi, da ya yarda, da ya yi barci mai daɗi. Kalmar ta zo har bakina.

"Babu, Baba."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Amma su ba a daina ba su ba," na ce. "Har ranar da suka mutu ana ɗura musu. Kai ka daina."

"Ai sai ki ce an zubar min." Ya lumshe ido, gefen bakinsa ya motsa. "Rabin kofi guda, don rashin kunya."

Na riƙe hannunsa. Yatsun suna wata irin rawa, suna faɗuwa suna tashi kamar ba nasa ba.

Daga washegari ya fara ruɗewa. Ya kira Mama da sunan yayarsa da ta rasu. Ya ce a kunna fitila alhali rana na dukan taga. Wani lokaci yakan haɗa yatsu biyu yana murza iska a hankali, da kulawa, yana ɗaure ƙusar da ba ta nan. Bayan nan sai barci, irin wanda ko an kira shi ba ya amsawa. Ya cika ranar Talata da hantsi, kwana goma da kwanciyarsa. Mama na gefensa, ni na fita karɓo sakamakon jini.

Kafin a ba mu gawarsa sai da aka cika takarda. Ƙanensa ya tafi neman mota, Mama ba ta iya tsayuwa, don haka ni aka kira ofis. Likitan ya rubuta abin da zai rubuta, ya zo wani layi ya tsaya, biro a sama.

"Ganyen nan, ana so a sa sunansa na kimiyya. Kin san shi?"

"Na sani."

Na faɗa masa. Ya fara rubutawa ya kakare a tsakiya, ya soke, ya juyo da takardar wajena ya miƙo min biron.

"Yi haƙuri. Rubuta min da kanki, kar in ɓata."

Na rubuta masa, kalma biyu, a ƙarƙashin sunan babana.